Kan Yumɓun da Na Fasa da Taɓarya

Tun ina budurwa nake ginin tukwane, kuma daga Tudun Wada har Doguwa babu macen da za ta ce tukunyata ta taɓa tsage mata a kan murhu. Boko ban yi ba, allo ma ban yi nisa ba. Amma yumɓu, in na murza shi tsakanin yatsu biyu, zan gaya miki ramin da aka haƙo shi, in gaya miki ko zai jure wuta. Wannan kam ko maƙiyina ya sani.

Ɗan da zan ba da labarinsa ɗana ne na fari, shi ya sa ba za a ji sunansa a bakina ba. Haka muka tashi muka tarar. Ba na kiransa, ba na zama kusa da shi a gaban mutane, in an yi masa laifi ba ni ce mai shiga ba. A ɗakin kakarsa ya girma. Amma yumɓu bai san wannan kunyar ba. Duk inda na ajiye curi sai na tarar an gutsura, can bayan rumbu kuma ga shanu a jere, kowace da tozonta da ƙahonta. Daga shanu ya koma mutane. Ubansa ya taɓa zane shi da igiyar guga har ta tsinke saboda ya yi wa wani mutum-mutumi ido da baki, ya ce a gidansa ba za a ajiye abin da ranar gobe ƙiyama za a ce a hura masa rai ba. Ya daina yin ido da baki. Ginin kuwa bai daina ba.

Ya tafi makaranta Zariya, inda aka ce har wannan abin ana koyarwa, daga nan ya zauna a Kaduna ya buɗe wurin aikinsa. In ya zo gida yakan miƙa wa ƙannensa waya su nuna mini, ni kuma in yi kamar ban damu ba, in kalla ta gefen ido. Na ga mace ta ƙarfe da siminti, ta fi ƙofar zaure tsawo, ta sunkuya da damin itace a ka, har ana iya ƙirga ƙashin bayanta. Na ga tsofaffi uku a kan benci, ɗaya ya cire takalmi yana sosa ƙafa. An kai wasu Legas, an kai wasu ƙasashen da sai an hau jirgi. Duka fuskokinsu sumul kamar ƙwai. A garinmu ana cewa aikin gine-gine yake yi a birni, kowa ya bar maganar a nan.

Bayan rasuwar ubansa ne ya fara yin fuska. Ya ce wa ƙanwarsa, a inda ya san zan ji, wai marasa fuskar nan kowa ne kuma ba kowa ba ne, shi yanzu mutanen da ya sani yake so ya yi, tun daji bai cinye su ba. Lokacin kuwa dajin Falgore ya riga ya lalace. Ana tare hanya da rana tsaka, ana shiga ruga a kora shanu, a tafi da mutum a bugo waya. Garinmu ya haɗa 'yan sintiri, samari da magidanta, da gora da adda da bindigar toka. Mutane sun zama kamar busasshiyar ciyawa.

Kowace shekara in an cire masara yakan zo ya yi wata guda. A ramina yake ɗibar yumɓu, a wutata yake gashi, saboda baƙin da hayaƙin ƙaiƙayi yake bari a jikin abu, wai shi masu saye suke so. Abu ɗaya na koya masa da bakina, shi ma ina kallon bango na faɗa: yumɓu mai kauri ba ya shiga wuta ya fito, fashewa yake yi, don haka duk abin da zai gina ya bar cikinsa fanko kamar tulu. Ya riƙe wannan. Ya yi kan wani maharbi, ya yi kan wata mai tuyar waina, na gasa masa su tare da tukwanena, ko tsagewa babu.

A shekarar da nake magana, abokinsa ya zaunar don ya gina kansa. Bafillace ne daga rugar da ke gabas da mu, tare suka yi wasan ƙasa, uwarsa kuma ƙawata ce, shekara da shekaru ina ba ta tukunya tana ba ni nono da man shanu. Kwana uku yana zuwa da hantsi ya zauna a gindin tsamiyar gidanmu, sanda a kafaɗa, yana tsokanar nawa wai ya rage masa hancin kada a ce shamuwa ce. Kan ya fito kamar a kira shi ya amsa. Har tabon da saniya ta yi masa a gira yana nan. Aka ɗora shi a kan turken itace a ɗakin da nake shanya, aka lulluɓe shi da farin ƙyalle mai laima don kada ya bushe da gaggawa.

Kwana huɗu bayan haka shanun Bafillacen suka dawo ruga da yamma su kaɗai. Ko ɗaya ba ta ɓata ba. Aka shiga daji kwana biyu, babu shi, babu jini, babu takalmi. Aka zauna jiran waya, ba a bugo ba. Wannan rashin bugowar shi ya rikita mutane. Aka ce da masu daji ne da sun kora shanun, da sun kira. Tunda ba su ba ne, to, hannu aka sa masa.

Wata maƙwabciyata ta shigo neman kasko ina bayan gida. Ta leƙa ɗakin shanya, ta ga abu a lulluɓe da farin ƙyalle, ta ɗaga. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da na tare ta. Ta ajiye kaskon ta fita sumsum. Ranar kasuwa ce.

Rana ba ta kai tsaka ba muka ji su. Ba sallama, ƙyauren zaure kawai muka ji ya faɗi. Ɗan nawa yana zaune yana tankaɗe ƙasa, ya miƙe zai yi magana, gorar farko ta same shi a baki. Na ga haƙori ya faɗa cikin rariya. Ta biyu a gadon baya, ya durƙusa, suka kama ƙafafunsa suka ja shi a ƙasa, kansa yana bugun dokin ƙofa. Tukwanen da na tara na cin kasuwa biyu suna jere a tsakar gida, suka bi ta kansu. Wasu ma da gangan suka tsaya suna fasawa, wai a duba ko akwai wani abu a ciki. Matarsa ba ta zo ba a wannan shekarar, na gode wa Allah da wannan.

A ƙofar gida akwai durumi. Nan suka ɗaure shi da igiyar shanu, ta ƙirji, ya zauna a kan saiwa. Kasuwa ta watse ta dawo ƙofar gidana. Mutanen da na sani ne, babu baƙo ko ɗaya. Mai nama yana nan da wuƙarsa. Wani malamin firamare da yake zuwa gaishe shi duk shekara yana nan, da dutse a hannu. Wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Shugaban 'yan sintirin kuwa, tukunyar da aka dafa wa uwarsa ruwan wankan jegonsa ni na gina ta.

Aka fito da kan, aka ɗora shi a cinyar ƙawata, wadda aka ɗauko daga kasuwa da ƙwaryarta. Ta zauna a ƙasa ta rungume shi, ba kuka. 'Ya'yanta maza biyu suna tsaye a bayanta da sanduna, su ba su doki kowa ba. Mutanen garinmu ne suke dukan.

Magana ta rabu biyu. Wasu suka ce ƙoƙon kan mutumin ne a ciki, an yanka shi an shafe da yumɓu za a kai wa masu kuɗi a birni, in ba haka ba yaya za a yi kama ta kai haka. Wasu suka ce a'a, kurciya ce, an rubuta sunansa an cusa a ciki don ya bi duniya. Wani ya karɓa ya jijjiga kusa da kunne, ya ce wallahi akwai abin da ke motsi. Duk wanda ya faɗi tasa sai ya matso ya kai duka, kamar da dukan ake sa hannu a magana. Suna tambayar ɗan nawa ina ya kai abokinsa, in ya buɗe baki sai jini, kafin ya haɗa kalma an sake kai masa wani.

Ni ina cikin mata a bakin zaure. Zan faɗi gaskiya, na daɗe a tsaye. Ƙafata ta saba, shekara arba'in da wani abu ba ta taɓa takawa zuwa wurinsa a gaban jama'a ba. Ina jira wani namiji ya yi magana, baffansa ko mai unguwa. Baffan nasa na hango shi yana zamewa ta bayan masallaci. Shi kuma ɗan nawa ido ɗaya ya rage masa a buɗe, ya kalle ni da shi, bai kira ni ba.

Sai na ga an gangaro da tayar mota. Aka rataya masa a wuya. Mai sayar da fetur a kwalba a bakin hanya ya taho da jarka da kansa, ba wanda ya aike shi.

Ban san lokacin da na koma ciki ba. Na dai ga kaina a tsakiyar fili da taɓarya a hannu, ba mayafi. Na kira shugaban sintirin da sunan da uwarsa take kiransa yana tsumma. Ya ce, Iya, ki koma ciki, wannan ba maganar mata ba ce. Na ce masa maganar yumɓu ce, kuma duk garin nan babu wanda zai gaya mini yumɓu.

“Ni na koya masa,” na ce. “Babu komai a cikin kan nan sai iska, kamar tulu. A fasa a gani. In aka sami ko silin gashi ne, ku haɗa ni da shi ku ƙone.”

Wurin ya yi tsit. Na ji daɗin shirun nan, ba zan ɓoye ba. Na ji ɗan nawa yana wani gurnani a bayana, na waiga, yana girgiza kai, yana ƙoƙarin ɗaga hannu daga cikin igiya. Na ɗauka aikinsa yake jin tausayi. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata, ana maganar ransa yana maganar laka. Na juya masa baya.

Na durƙusa gaban ƙawata na miƙa hannu. Ta ƙara ƙanƙame shi. Ta ce da ni a hankali, ba ta da hotonsa ko ɗaya, bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Na ce na sani. Ta ce in bar mata shi ko na kwana ɗaya. Na ce, “Ƙawa, dubi wuyan nawa.” Ta duba. Ta shafa girar nan mai tabo da babban yatsa, sannan ta sake shi.

Na ajiye shi a ƙasa, na zare turken, na ɗaga taɓarya. Ɗanyen yumɓu ba ya tarwatsewa kamar gasasshe. Bugun farko ya lotsa goshin, na biyu ya raba shi biyu.

Takardu suka zubo. A cukurkuɗe, dunƙule-dunƙule, cike da rubutu.

Ashe a makarantarsu haka ake yi. A dunƙule tsohuwar jarida a kan turke, a gina yumɓu a kanta, in an sa a wuta takardar ta ƙone ta bar fanko. Na maharbin da na mai waina duk haka ya yi su, ni kuwa sai sun bushe an toshe ƙasansu nake karɓa in jera a wuta. Ban taɓa tsayawa na ga farkon aikin ba, saboda ba na zama inda yake. Kuma ban taɓa tambaya ba, don a ganina babu abin da zai sani a yumɓu wanda ba daga wurina ya fito ba.

Ƙarar da mutanen nan suka yi, ban taɓa jin irinta ba, ko a ranar da aka kora shanun gari. Aka ce ga layun nan, uwarsa da kanta ta tona. Wani magidanci mai faskare, wanda gonarsa take jikin tamu, ya fizgo hannun daman ɗana daga cikin igiyar ya shimfiɗa a kan saiwar durumin, ya taka wuyan hannun da ƙafa. Ya ce da wannan ake rubutawa. Ya juya gatarinsa ta ƙeya ya sauke. Sau biyu. Na ji ƙarar, irin ta busasshen kara in an taka. Sai a lokacin ɗan nawa ya yi ihu, tun da aka fara.

Na faɗa kansa. Na sa kaina a cikin tayar tare da nasa, na zagaye shi da hannuwana. Fetur ya sauko mana tare, mai sanyi, ya shiga idona da bakina. Ana ja na ta ƙafa, zanina ya kwance, ban saki ba. Gora ta same ni a haƙarƙari, wata a kafaɗa, har yau in hadari ya haɗu sai sun tuna mini. Ina jin numfashinsa a wuyana yana fita da ƙyar. Na ce musu su ƙyasta, ai na yi alkawari, ku ƙyasta ɗin.

Akwai mai ashana a hannu, na ji ƙarar kwalin. Abin da ya tsayar da shi ban sani ba. Wataƙila ƙona tsohuwa tsirara a ƙofar gidanta ya fi ƙarfin abin da ya fito yi. Cikin wannan ɗan jinkirin shugaban sintirin ya harba bindigarsa sama, mutane suka ja baya, liman ya samu ya kutso. Dattijo ne, da ƙyar yake tafiya. Ya tsuguna ya ɗauki dunƙule ɗaya ya warware, ya kai kusa da ido, ya juya shi. Ya ce wannan ba Larabci ba ne, ba ajami ba ne, babu hatimi, boko ne, a samo mai karantawa. Ba wanda ya motsa. Ya ɗaga kai ya kira malamin firamaren nan. Sai da ya yar da dutsensa sannan ya karɓa.

Ya karanta da Turanci, liman ya ce ya fassara. Tallan takin zamani ne. Aka warware wata, hoton wasu ƙarti ne suna bin ƙwallo. Wata kuma sanarwar wani ne da ya canza suna. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, liman bai bari an tsallake ko guda ba, ni kuma ina kwance a kan ɗana, fetur yana cin fatata.

Duk da haka wani daga baya ya ce ai boka yana iya rubutu da boko. Wasu suka fara amsa masa. A nan ƙawata ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma an ji ta.

“Ku kwance shi. Ba ku nemo mini nawa ba, za ku kashe na wata a kan cinyata.”

'Ya'yanta biyu suka zo suka tsaya a kanmu da sandunansu. Babban ne ya cire tayar, ya yanke igiyar, ƙaramin ya cire rigarsa ya rufa mini. Taron ya fara zagwanyewa ta baya, kowa ya tuna ya bar kaya a kasuwa. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Ƙawata ta tattara gutsattsarin yumɓun a ƙwaryar nononta, ta ɗora a ka, ta kama hanyar ruga. Ɗanta har yau ba a gan shi ba, ba a kuma ji ko wane ne ya ɗauke shi ba.

A babur aka kai nawa asibitin Tudun Wada, a tsakanin 'yan'uwan nan biyu. Aka cire yatsu biyu, ukun da suka rage suka sandare a lanƙwashe. Sai da ya kwana shida kumburin bakinsa ya sace har ya iya magana. Ina zaune a ƙasa a gefen gadon, ina kallon ƙofa. Ya ce, ba da faɗa ba, a ranar nan yana ta ƙoƙarin gaya mini akwai takarda a cikin kan. Da na faɗa musu tun farko, na sa liman ya zaro ta ƙasa da hannunsa, da ba su ɗauka tonuwa aka yi ba.

Na ce da ban fito ba da yanzu toka ne shi. Ya ce haka ne. Duka biyun gaskiya ne, kuma ban ba shi haƙuri ba, ban san yadda ake yi ba.

Bai sake taka garinmu ba. Mai gatarin yana nan, yana wucewa ta ƙofar gidana zuwa gona, yana rusunawa ya ce Iya ina kwana. Ina amsawa, don a gari ɗaya za a binne mu.

Da shekara ta zagayo na sa aka kai ni Kaduna, karo na farko a rayuwata. Wurin aikin nasa rumfar kwano ce babba, mutanen ƙarfe da na siminti a tsaitsaye ko'ina, sai ka yi sallama ka rasa wa za ka gaisar. Aka ba ni kujera a gefe. Yana gaban wani sabon kai, na wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin titinsu. Hagu yake koya wa aikin fuska. A daman kuwa ya ɗaura ɗan ƙarfen da yake kankare yumɓu da shi, da robar tayar keke, ya ja ƙullin da haƙori. Ya gaya wa kowa a gidan, in abu ya faɗi kada a ɗauko masa.

Ya kai hannu zai gyara kunnen, ƙarfen ya zame ya faɗi kusa da ƙafata. Na kalle shi a ƙasa, na naɗe hannuwana a cikin mayafi. Ya sunkuya ya ɗauka ya sake ɗaurawa. Ya sake faɗuwa. A karo na uku ya ƙara zagaye ɗaya na robar, ya ja har fatar ta yi fari, ya koma kan kunnen. Na zauna har la'asar ina kallo, bai sake faɗuwa ba.